Zare 🧵: Kar ka biya kuɗin batirin haibirid sai an auna shi a gabanka

1/
Tun da na sa hoton motata an kwance kujerar baya ana aiki, saƙonni suke ta shigowa: "Wai da gaske ne in batirin haibirid ya mutu shi ke nan, motar sai 'yan gwangwan?" Bari in amsa wa kowa a nan gaba ɗaya. Zaren zai yi tsawo, ku gyara zama.

2/
Matsayata tun daga farko: abin da ke cinye kuɗin masu tsohuwar haibirid a yankinmu canki-canka ne. Kowa ya leƙa ya faɗi nasa, kai kuma ka biya. Alhali batirin nan ana auna shi, lambobi su fito a waya ka gani da idonka. Duk wanda ya ce kawo kuɗi bai nuna maka lambobi ba, riƙe aljihunka.

3/
Ni ɗan Wara ne, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, bakin ruwan Kainji. Sana'ata jigila: fasinja, busasshen kifi, wani lokaci albasa, tsakanin Wara da Yauri. Abin da zan faɗa ba a aji na koya ba. Da gumi na koye shi, da data, da kuɗin da na zubar a banza.

4/
Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da a hukumance ba ta kai N200 ba ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa N1,000. Tsohuwar Golf ɗin da nake ja sai ta zama ni ke wahala, gidan mai ke cin riba.

5/
Na sayar da ita, Yaya ya ƙara min, Inna ta sayar da sa guda ta miƙo kuɗin ta ce, "Ungo, Allah ya sa albarka." Na sayi Toyota Prius ƙirar 2008, ta hannu. Wato ranar da ta shigo hannuna shekararta 15 a duniya. Ku riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

6/
Ga wanda bai sani ba: haibirid mota ce mai inji iri biyu, na fetur da na lantarki, suna taimakon juna. Irin tawa ba a jona ta a soket. Ita ke yi wa kanta caji, daga injin fetur da kuma duk sanda ka taka birki. Tun 1997 Toyota ta fara fitar da Prius a Japan. Mu ne dai ta iso wa a makare.

7/
Sauƙin man kuwa gaskiya ne. A awon hukumar kula da muhalli ta Amurka, wannan ƙirar tana yin kilomita 19 zuwa 20 a lita ɗaya. A hanyarmu mai ramuka, ga lodi, ba na samun haka. Amma abin da nake zubawa ya ragu ƙwarai, har abokan tasha suka daina yi min dariyar "motar 'yan gayu".

8/
Sai wata rana cikin Afrilu, zafin nan da ke kai maki 40, na ɗauko fasinja cike daga Wara. Ba mu kai rabin hanya ba jar alama mai kusurwa uku ta kama a dashbod. Fanka a baya ta hau ƙugi, injin fetur na ihu, mota ba ƙarfi. Wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, Iya. Cikina kuwa ya ɗuri ruwa.

9/
Mai wayarin na farko ya cire kan ƙaramin batir, ya ɗan jira, ya mayar. Alama ta ɓace. "Maigida an gama, kwamfuta ce ta rikice." Na biya ina godiya. Kwana 3 ta dawo. Ashe saƙon da motar ta rubuta kawai ya goge. Kamar ka yaga takardar gwajin asibiti ka ce zazzaɓi ya tafi.

10/
Na biyu ko but bai buɗe ba. "Batir ya mutu. Akwai mutumina a Legas, turo kuɗi a ɗoro maka Beljiyam." Kuɗin da ya ambata sai da na tuna san da Inna ta sayar. Na uku kuma ya ce a cire "kayan lantarkin" duka, ta koma shan mai zalla kamar kowace mota.

11/
Shawarar na ukun nan, don Allah kar wanda ya ɗauka. Prius ba ta da kik, ba ta da altaneta. Babban batirin ne ke juya injin lantarkin da ke tayar da injin fetur. Giyarta da lantarki take aiki, kwamfiresan AC ma haka. Ka cire shi, ka samu akurkin kaji mai taya huɗu.

12/
Wanda ya fitar da ni yaro ne mai gyaran waya a Yauri, abokin ƙanena. Ya ce, "Yaya, ba ni kwana biyu in yi karatu." Ya dawo da 'yar na'ura kamar kwalin ashana, OBD2. Ana soka ta ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhajar Dr. Prius ko Hybrid Assistant ta karanta. A kula, masu arha da yawa ba sa iya karanta babban batir.

13/
Kafin lambobin su yi maka ma'ana, san cewa batir biyu ne a motar. Ƙaramin mai bolt 12 ne, irin na kowace mota, yana cikin but ta dama, shi ke kunna kwamfutoci. In ya yi sanyi dashbod kan cika da fitilu kamar duniya ta tashi. Shi ake fara aunawa. Kar ka sayi babba alhali ƙaramin ne ke ciwo.

14/
Babban yana bayan kujerar baya, cikin akwatin ƙarfe. A Prius ta 2004 zuwa 2015 fallaye 28 ne a jere kamar yankan burodi. Makanikai na ce musu sel, amma kowane falle akwai ƙananan sel 6 a cikinsa, kowanne bolt 1.2. Falle ɗaya 7.2 ke nan. Sau 28, bolt 201.6. Camry haibirid ta 2007 zuwa 2011 fallaye 34 ne, bolt 244.8.

15/
Ba na litiyam ba ne irin na wayarka, na nikel ne, a jikinsa za ka ga NiMH. An jona su layi ɗaya, wutar da ta bi ta na farko dole ta bi ta na ƙarshe. Kun taɓa kallon tseren jirage a Rigata? Matuƙi ɗaya ya gaji, jirgin duka ya karkace. To sel ɗaya cikin 168 ya mutu, motar sai ta ce batir ya lalace.

16/
Kwamfutar batirin tana sa ido kan fallayen biyu-biyu, wato rukuni 14, kowanne bolt 14.4 a ƙa'ida, in da caji ya ɗara haka. Abin da ya fi damunta shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Masu lafiya tare suke hawa, tare suke sauka. Mara lafiya shi ke riga kowa cika, shi ke riga kowa zubewa.

17/
Muka soka na'ura. P0A80 ta fito, ma'anarta a canza babban batir. Sai kuma P3019. Lambobin P3011 zuwa P3024 kowacce rukuni ɗaya take nunawa, daga na 1 zuwa na 14. Tamu ta ce na 9. Kun ga har adireshin mara lafiyan motar ta riƙe tun ranar farko, ba wanda ya tambaye ta ne kawai.

18/
Amma lamba kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Muka hau titi, shi riƙe da waya, ni ina taka totur a hawa. A tsaye duk rukunan kusan kansu ɗaya. Da aka matsa musu, na 9 ya faɗi ƙasa da sauran da wajen bolt 1.2. Daidai ƙarfin sel guda ke nan. Sel ɗaya ya mutu a ciki.

19/
Darasi: awon batir yana zaune ba nauyi a kansa yaudara ce. Mai sayarwa zai ɗora mita a falle ya nuna maka 7.8, ka ce tubarkalla. Jona masa ƙwan babbar fitilar mota na minti biyu, ka sake dubawa yana jone. Wanda ya gaji nan take zai tona kansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

20/
Yanzu tsaya ⚠️ kafin wani ya ɗauki sifana. Wutar nan tana kisa. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a haibirid ta babbar wuta ce. Ana kashe mota, a nisanta makulli, a cire kan ƙaramin batir, a sa safar roba ta masu aikin lantarki mai jure bolt 1,000, a zare fulogin tsaro mai ruwan lemo, a jira minti 10, a auna da mita.

21/
Ko an zare fulogin, layin ya rabu biyu ne kawai. Akwai sauran wutar da za ta iya kai mutum lahira har sai an kwance mahaɗan fallayen. Ba zobe, ba agogo, ba jiƙaƙƙen hannu, ba kai kaɗai ba. Ruwan cikin falle kuma yana ƙona fata da ido. In ba ka da kayan kariya, karanta lambobi a waya ka tsaya nan. Hakan ma ya isa ya hana a cuce ka.

22/
Sai da yaron ya samo safar muka buɗe. Abin da muka tarar: fanka ta toshe da ƙura, zare, gashi, har da ɓawon gyaɗa. Mahaɗan jan ƙarfen da ke tsakanin fallaye sun yi kore shar saboda tsatsa. Wato batirin ya daɗe yana numfashi da ƙyar, ni kuma kullum ina ƙara shaƙe shi ban sani ba.

23/
Ga laifina. Ramin da fankar ke shaƙar iska yana gefen kujerar baya ta dama. Nan fasinja ke jingina jaka, nan ake cusa ƙunshin kaya, ga mutum huɗu a baya. Ga ƙurar hunturu, ga ni ina kashe AC don tsimin mai. Iskar cikin mota ita batirin ke sha. In kai kana gumi, shi ma yana dahuwa.

24/
Zafi shi ne babban makashin wannan batir. Fallayen tsakiya su suka fi dahuwa, don suna matse ta ko'ina, shi ya sa galibi su ke fara mutuwa. Na 9 cikin 14, kun ga ai kusa da tsakiya yake. Wanda ya canza falle bai wanke fanka ba, ya yi wa mara lafiya allura ne ya mayar da shi kwana cikin sauro.

25/
Maganar caji. Tambayar da ta fi yawa: "A kai wa mai cajin batir na kasuwa mana?" Cajarsa ta bolt 12 ce, wannan ya haura 200. Motar kanta ma ba ta cika shi, ba ta ƙarar da shi. Tana riƙe shi tsakanin kashi 40 da 80 cikin 100 don ya daɗe. Ko ka ga sandunan allo sun cika, ba cikar gaske ba ce.

26/
In shekaru suka ja, fallayen sai su rarrabu, wani na gaba wani na baya. Maganin wannan caji ne a hankali. Hanya biyu ce. Ko caja ta musamman da ke ba layin duka wuta 'yar kaɗan, ƙasa da rabin amfiya, wajen kwana guda, fanka na juyawa. Ko a bi fallayen ɗaya-ɗaya da ƙaramar caja mai lissafa abin da ya shiga da abin da ya fita.

27/
Ta biyun muka bi. A cika falle, a sauke shi zuwa wajen bolt 6, a rubuta abin da ya bayar, a maimaita sau 3. Sabo yana ɗaukar 6,500 mAh, irin lambar da kuke gani a jikin fawa bank. Namu yawanci sun tsaya tsakanin 4,000 da 4,500. Biyu ko 2,000 ba su kai ba. Kuma dole suna matse tsakanin ƙarafansu lokacin caji, in ba haka ba su kumbura.

28/
Aikin ya ci kusan mako 3. Ga abin dariya ga abin haushi: muna bakin tafkin da aka gama madatsarsa tun 1968, aka gina ta don ta ba da megawat 960, aka tayar da dubban mutanenmu daga garuruwansu saboda ita. Amma da sola da inbatar shagon cajin waya muka yi aikin, don wutar layi ba ta zama ta kai ƙarshen zagaye ɗaya.

29/
Mako 3 ba lodi, ba shiga sai fita. Yaya kullum maganarsa ɗaya: "Da ka ji tawa ka sayi Sharon, da yanzu kana hanya." Inna kuwa ta daina tambayata labarin motar gaba ɗaya. Wallahi shirun nan nata ya fi min ciwo a kan faɗan Yaya.

30/
Muka sa aka kawo fallaye 4 na hannu daga Kano, da sharaɗin duk wanda bai ci gwaji ba zai koma. Ɗaya ya faɗi nan take, ya koma. Cikin ukun muka zaɓi biyu da ƙarfinsu ya yi kusa da na namu, muka ajiye wanda ya fi ƙarfi. Manomi ya san ba a haɗa matashin bijimi da tsohon sa a garma ɗaya.

31/
Aka wanke mahaɗai har suka koma ja, aka daidaita wutar fallayen duka kafin a jona, aka ɗaure notuna daidai ƙima. In ka matsa da ƙarfi kan fallen karyewa yake, in ka bar shi sako-sako ya yi zafi. Aka rufe, na danna maɓalli, READY ta kama. Sai da na yi sujadar godiya a ƙofar shagon.

32/
To ga ɓangaren da masu gyara ba su cika son faɗa ba. Bayan wata 7 alamar ta dawo. Wannan karon rukuni na 5. Ba yaron ne ya yi kuskure ba. Sauran fallaye 26 ɗin tsararraki ne, tare aka ƙera su, zafi ɗaya suka sha. Ka canza ɗaya, na bayansa yana kan layi.

33/
Karo na biyu kwana 4 kawai muka yi, don muna da littafin lambobi da falle ɗaya a ajiye. Shi ya sa nake cewa canza falle sayen lokaci ne. Yana da amfani: kuɗi kaɗan, ka koma aiki, ka samu sararin tara na gaba. Amma wanda ya ce ya mayar maka da batirin shekara 15 sabo fil, ko bai sani ba ne, ko kuma ya sani sarai.

34/
Ku duba: garantin da Toyota ta bayar kan irin wannan batir a yawancin jihohin Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000. Daga ƙirar 2020 ta ƙara zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Mu kuwa motar kan iso mana garanti ya daɗe da ƙarewa. Batirin da ya yi shekara 15 bai ci amanar kowa ba. Ya yi aikinsa har da gyara.

35/
To Beljiyam fa? Ban ce kar a saya ba. A Ladipo ta Legas, Apo ta Abuja, Ƙofar Ruwa ta Kano, ana samun kayan mota na hannu iri-iri. Amma batirin da aka ciro daga motar 2007 sa'an naka ne. Ƙila ma ya yi watanni a kwantena, kuma irin wannan batir yana zubar da caji in an ajiye shi. Sunan Beljiyam ba ya rage masa shekaru.

36/
Sharuɗɗa kafin ka biya:
• a ɗora shi a motarka, a hau titi da waya a hannu
• rukunan 14 su riƙa tafiya tare, bambancin kar ya wuce bolt 0.2 zuwa 0.3
• a duba lambar jikin fallayen, tana nuna lokacin da aka ƙera su
• garanti a rubuce, da kwanan wata
Ya ƙi? Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

37/
Na san abin da wasu za su ce: "Me ya kai mutumin Wara sayen haibirid?" An faɗa min a tasha ba sau ɗaya ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Golf ko ƙarƙashin bishiya ta tsaya za a tayar da ita. Tawa sai an yi karatu. In ba ka da haƙurin koyo, kuma ba mai aunawa kusa da kai, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

38/
Amma na zauna da littafina na yi lissafi. Abin da nake ragewa na mai wata-wata, in an cire gyara biyu da makonnin da na yi a zaune, har yanzu ina gaba. Kuskurena shi ne na ɗauki rarar duka riba ce, na cinye. Ashe wani kaso nata kuɗin batir ne, bashi ne da ranar biyansa ke tafe.

39/
Yanzu duk ranar da na yi aiki ina ware wani abu a asusu, sunansa kuɗin batir, ko biki ba na taɓa shi. Burina layi cikakke sabo, in huta da faci. Mai shirin sayen tsohuwar haibirid, sa kuɗin batir cikin farashinta tun ranar ciniki. In jimillar ta fi ƙarfinka, motar ce ta fi ƙarfinka.

40/
Rigakafi na kyauta:
• kar a toshe ramin iska, a wanke fanka duk bayan hunturu
• ajiye ta a inuwa
• kar ka bar ta a giyar N cikin cunkoso, a N ba ta caji
• mai ya ƙare? Tsaya nan. Kar ka ce za ka lallaɓa da batir zuwa gidan mai, in ya zube ba abin da zai tayar da injin
• kar ta yi makonni ba a kunna ta ba

41/
• ɗanyen kifi da ruwansa a but: a roba mai murfi kawai, ruwa da bolt 200 ba sa zama wuri ɗaya
• in za a tayar da ita da batirin wata mota, a tabbatar ja na kan ja, juya waya sau ɗaya na iya ƙona inbata
• mai gyaran AC kar ya zuba man kwamfiresa na gama-gari, nata daban ne, ND-11
• motar gwanjo da ambaliya ta taɓa: ko kyauta, a kai kasuwa

42/
Matattun fallaye kuma kar a jefa a ruwa, kar a ƙona, kar a bar wa yara su yi wasa da su. Akwai nikel da ruwa mai ƙuna a ciki. Kifin tafkin nan muke ci, shi muke sayarwa mu ci tuwo. A rufe kawunansu da salatif, a tara su wuri busasshe, a kai wa masu sayen tsofaffin batura.

43/
Abin da ya fi tsaya min a rai: a Libata, cikin Ngaskin nan tamu, ana haƙar litiyam, ma'adinin da ake batirin waya da na sababbin motocin lantarki da shi. Dutsen yana fita daga ƙasarmu. Amma wanda zai karanta min lafiyar batir guda ɗaya sai da na bi mutum uku, na biya a banza, sannan na same shi a shagon gyaran waya.

44/
Tun 2021 hukumar NADDC ta buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Motocin nan suna tafe, mun shirya ko ba mu shirya ba. Roƙona ga kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da cibiyoyin koyon sana'a: gajeren kwas kan batirin haibirid, da kayan kariya na gaske, zai ciyar da gidaje.

45/
'Yan uwana masu gyaran waya, masu haɗa sola, masu wayarin, maza da mata: rabin ilimin nan yana hannunku. Kun san bolt, kun san jona batura a layi, kun san mita. Abin da ya rage shi ne tsaro, haƙuri, da rubuta lambobi a littafi. Yaron nan da na faɗa muku, yanzu har daga Shanga da Kontagora ake kiransa.

46/
Iyayenmu makanikai, ba raini wallahi. Ku kuka riƙe mu shekara da shekaru, kunnenku ya fi na'ura sanin kukan inji. Amma wannan ciwon kunne ba ya jin sa. Cewa "kai ta wurin mai na'ura" ba zai rage muku daraja ba. Ya fi a cire kan batir, a goge alama, a karɓi kuɗin talaka.

47/
Mai haibirid, ranar da jar alamar nan ta kama maka, kar ka firgita, kar ka tura kuɗi ko'ina a daren. Auna ƙaramin batir. Karanta lambobin da motar ta rubuta kafin wani ya goge su. Kalli rukunan 14 a kan titi. Buɗe fanka. Bayan nan ne za a zauna maganar kuɗi, kai ma kana da abin faɗa.

48/
Gobe in Allah ya kai mu zan sa hoton shafin littafinmu ku ga yadda muke jera lambobin. Wanda ke da na motarsa ya ajiye su a ƙasa, za mu duba tare da yaron. Ni bari in kwanta, da asuba ina da lodin kifi zuwa Yauri, kuma rukuni na 12 ya fara ja da baya kaɗan-kaɗan, ina sa masa ido. A tura wa wanda zai amfana. Allah ya tsare mana hanya. 🙏